Awon Ustaz Idirisu

"Riƙe kankanar da kyau, ya Kubra," in ji Ustaz Idirisu. Ya ja layi uku da wuƙa a bayanta, suka haɗu suka ba da kusurwa uku.

Ni kisra, wainar dawa, na kawo masa ya ci, ba karatu na zo ɗauka ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Alsawra, ƙetaren kogi daga Khartum. Shekara talatin yana koyar da ilimin taurari a Khartum, kafin yaƙi ya rufe gadoji, 'yarsa Hiba ta kwashi yaranta zuwa Masar. Shi ya ƙi tafiya.

"A kan faranti, in kin haɗa kusurwoyin nan, digiri ɗari da tamanin ne cif. A kan kankana sun fi haka, don a lanƙwashe take. To haka muke yi wa sararin samaniya. Haske mafi tsufa da madubin hangen nesa ya kamo, da shi muke jan layinmu, mu gani ko a shimfiɗe yake ko a lanƙwashe."

"Me kuka samu, Ustaz?"

"Kamar faranti. Kamar." Ya tsaya ya huta. "Akwai sauran shakka a awon. Ita na yi shekara sha ɗaya ina ragewa, ni da abokai a ƙasashen waje. An ce sabon sakamako ya fito. Ga shi ba wuta, ba waya."

Tun asuba nake layin ruwa, ƙafafuna sun kumbura.

Nasa sun fi nawa kumburi. Wata guda ke nan ba a yi masa wankin ƙoda ba. Muntasir mai raksha, keke mai ƙafa uku, ya kai shi wuri uku, suka dawo ba a dace ba.

Ranar Talata da la'asar ya ce, "In Hiba ta kira, ki ce na ci abinci. Kuma ta duba mini sakamakon."

Kafin magariba ya cika. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, sai a filin ƙwallon unguwa maza suka binne shi.

Bayan kwana tara wayar Hiba ta shigo. Na sanar da ita rasuwar, na ce mata ya ci abinci. Ɗaya saƙon ban iya faɗa ba, kuka take yi.

Da na shiga rufe masa gida, jallabiyarsa na nan a kan igiya, ta bushe ƙayau. Na sauke ta, na ninke, na tsaya a tsakar gida riƙe da ita.