Tsohon Injin Labo

Ruwan da ya tsare mutanen Tungar Inusa a daminar 1994 ba a garinsu ya sauka ba. Can gabas ya zuba a kan duwatsu, ƙoramar Majiya ta kwaso shi ta gangaro da shi. Waɗanda suka ƙetare fadama da safe, ruwa iya idon sawu, da la'asar suka juyo suka tarar da kogi a gabansu, ja wur, yana tafe da itatuwa da karan gero. Suka koma tudun gonaki suka kwana. Kafin gari ya waye ruwan ya zagaye tudun ta baya ma.

Cikin waɗanda aka tsare har da Zalika, matar Labo masunci, wadda ta je tsinkar ganyen wake. Akwai wasu manoma, akwai kuma Hamani makiyayi da iyalinsa da awakinsa. Daga bakin gari ana hango su, sun taru ƙarƙashin wata tsamiya.

Labo shi kaɗai ke da jirgi a garin. Da sassafe ya tura shi ruwa, shi da wani ƙato, kowa da filafili. Ba su kai tsakiya ba ruwa ya juya jirgin, ya yi yamma da su, ya watsar da su cikin ƙaya can ƙasan gari. Da ƙyar suka jawo jirgin gida. Mai gari ya aika a faɗa wa jandarma a Konni, amma ɗan aiken ya dawo ya ce hanya ta yanke.

Labo bai tsaya jin shawarar da ake ta yi a bakin ruwa ba. Ya shige gida, ya buɗe tsohon ɗakin da yake ajiye taru, ya kinkimo wani abu da ke jingine a lungu, naɗe cikin buhu. Injin jirgi ne. Ya sayo shi a tafkin Cadi lokacin da yake samartaka yana su a can, ya dawo da shi shekarar babban fari, da ruwa ya janye kifi ya ƙare. Tun daga nan bai sake tayar da shi ba, don ruwan da ke wajensu bai kai a ƙona mai a kansa ba.

Ya rataye shi a bakin wani tano, irin babbar gangar ƙarfen nan, aka cika tanon da ruwa, ya kama igiya ya ja. Ko motsi ba ta yi ba. Ya dafa ƙafa a jikin tano ya sake ja da ƙarfi. Injin ya daskare kamar dutse.

"Ka bar ja hakanan, za ka karya wani abu ciki."

Uwani ce, yayar Labo, tsaye a ƙofar gida da ƙunshin tsumma a hannu. Ita ke da injin niƙa na garin. Tun da mijinta ya rasu take riƙe da shi, kuma da ta gaji da jiran makanike daga Malbaza, sai ta koyi kwance shi da ɗaurawa da kanta.

"Yaya, wanga ba injin niƙa ba ne," in ji Labo.

"Na gani. Amma mai shika sha, iska shika shaƙa, ko? Kauce in duba."

Ta warware tsumman a ƙasa, ƙarafan aikinta suka bayyana. Ta ce ya nuna mata inda za a zuba mai ya kai cikin cikinsa. Labo ya kwance buji, ɗan ƙarfen nan mai ba da wuta, ta tsiyaya baƙin mai a ramin. Suka ɗan dakata. Sannan ta dafa faifan ƙarfen da igiya ke juyawa da hannu biyu, tana murza shi dama da hagu a hankali, ba ta tilasta shi. Ta daɗe tana yi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Can sai ya ɗan gusa. Ta ƙara mai, ta ci gaba, har ya yi zagaye guda yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Da Labo ya buɗe tankin, wari ya bugi hancinsu. Man da ya rage a ciki ya zama kamar maɗi, ga tsatsa. Uwani ta ce a ajiye tankin gefe, a kawo galan na roba. Tiyon ma ya tsattsage a wajen robar da ake matsawa mai ya hau, sai Labo ya yanke wurin da wuƙa ya haɗa abin da ya rage.

Saura isansi, wato fetur. A ranar mutum ɗaya ke da shi a garin: Isufu, ɗan kabu-kabu daga Konni, wanda ya kawo fasinja ruwa ya rufe masa hanyar komawa. Da aka kira shi ya turo babur ɗinsa har tsakar gidan, ya zare tiyo, ya tsiyaye tankinsa kaf cikin galan, ya ƙara da kwalabe biyu da ke ɗaure a bayan babur. Labo ya auna baƙin mai da ido ya gauraya. Aka ɗora galan a kan katanga.

Labo ya yi bisimilla ya ja. Injin ya juya, bai kama ba. Ya ja, ya ja, ya sake ja. A wani ja igiyar ta tsinke, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin laka. Ba wanda ya yi dariya. Ya tashi ya kwance igiyar guga, ya naɗa ta a faifan, ya ci gaba. Shiru.

"Akwai wuta kuwa?" in ji Isufu.

Uwani ta dube shi. "Nan ban sani ba. Nawa injin gazuwal shika sha, man manyan motoci, ba shi da wanga abu. Ku nuna mini."

Isufu ya fitar da bujin, ya jingina shi a jikin ƙarfen injin, ya ce Labo ya ja. Suka sunkuya su uku suna kallon bakinsa. Ba ko ƙyalli. Isufu ya kankare shi da wuƙa, aka sake, duk ɗaya. Sai ya je ya kwance na babur ɗinsa ya liƙa a wayar. Labo ya ja, wata ƴar wuta shuɗiya ta yi tsalle, Isufu kuma ya yarfe hannu yana salati, don yatsansa na kan ƙarfen.

Aka ɗaura bujin babur. Labo ya ja har kafaɗarsa ta fara zafi, injin bai ce uffan ba. Uwani ta sa aka sake fitar da bujin, ta shinshina bakinsa, ta shafa da yatsa.

"Busasshe ne. Mai bai kai ba. Ina ne mai ka haɗuwa da iska?"

Labo ya nuna mata karbureta, ɗan kaskon da ke gefe. Ta ce a kawo mata faifai. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta kwance shi, duk abin da ta cire sai ta ajiye shi a faifan bi da bi, yadda za ta gane mayarwa. Cikinsa cike yake da wani kore-koren datti mai danƙo. Ta wanke da isansi, ta ɗaga wani ɗan ƙarfe mai huda ta duba ta rana. Haske bai ratsa ba. Ta zaro sili ɗaya daga tsintsiya ta tsokale, ta hura da baki, ta tofar, ta sake dubawa.

Rana ta take tsaka lokacin da ta mayar da komai. Wata mata ta leƙo ta katanga ta ce ruwa ya kai gindin tsamiya, mutanen sun matsa sama. Labo bai ɗago ba. Ya naɗa igiya ya ja.

Injin ya yi tari sau ɗaya.

Ya sake ja. Ya yi tari, ya girgiza, ya mutu. Haka ya riƙa yi, kamar zai kama sai ya shaƙe. Tafin Labo ya saluɓe, Isufu ya karɓa, shi ma ya ja har ya gaji. Labo ya jingina da katanga yana haki.

"Yaya, ko in sake gwada filafili? In na hau daga sama can..."

"Ka gwada da sahe, ka ga abin da anka yi. In ka nutse wa za ya ɗauko su? Zo nan." Tana tsaye a kan tanon tana kallon ruwan ciki. "Hayaƙin wanga abu ta ina shika hita?"

"Ta ƙasa, cikin ruwa. In shina aiki sai ki ga ruwa na tafasa baya nai."

"To ni ban ga ko kumfa ba. Injina in bututun hayaƙi ya toshe, haka shika yi, shi kama shi sake."

Labo ya taso daga jikin katanga. Sannan shi da Isufu suka ɗaga injin daga tanon suka kwantar a tabarma. Ya leƙa ramin da ke saman farfela. A toshe yake da jar ƙasa, wadda ruwan tanon ya jiƙa ta zama taɓo. Zanzaro ne suka yi shekaru suna gini a ciki, gida a kan gida. Ya sa waya ya dinga ƙwaƙulowa, ƙasa na zubowa da busassun tsutsotsi, har wayar ta shige can ciki ba abin da ya tare ta. Ya bi ƙananan ramukan da injin ke shan ruwa ya tsokale su ma.

Aka mayar da shi tano. Labo ya naɗe hannunsa da tsumma, ya naɗa igiya, ya ja. Injin ya yi tari, ya sake yi, sai ya ɓarke da ruri. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, ruwan tano ya dinga tafasa yana fantsama, kaji suka watse. Daga waje aka ji mata sun ɗauki guɗa.

Ba a tsaya murna ba. Maza suka ɗauki injin zuwa bakin ruwa, aka buga katako a gindin jirgi, aka ɗaure shi tam. Labo ya ajiye galan a ƙasan jirgin ya ja. Ya kama, ya ɗan yi aiki, ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake mutuwa. 

Uwani ta tattare zane ta shiga ruwa har gwiwa. Ta bi tiyon da ido tun daga galan har inji.

"A gida galan bisa katanga yake," ta ce. Ta ɗaga shi sama da kanta. "Ja."

Labo ya ja, injin ya kama. Ta sauke galan ƙasa, ba a jima ba ya fara shaƙewa. Ta ɗaga, ya warware. Abin da ke zuƙo mai a cikinsa ya mutu, sai dai man ya gangara da kansa.

Wani ya ce shi zai shiga ya riƙe galan sama. Uwani ta girgiza kai.

"Hannunka za ya gaji tsakiyar ruwa, ka sauke, ku tahi duka. Wanga aikin kai ne."

Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo.

"Yaya, ke da ba ki taɓa shiga jirgi ba," in ji Labo.

"Yau na shiga. Kai dai ka tuƙa."

Ta zauna a gabansa, ta miƙe baya, ta ɗora galan a ka, hannu ɗaya ya dafe shi, ɗaya ya damƙi bakin jirgi. Aka tura su.

Labo bai nufi tudun kai tsaye ba. Ya fuskanci ruwan ya haura ta gefe, inda bai da ƙarfi, sai da ya wuce daidai tsamiya sosai sannan ya karya. Da suka shiga tsakiya ruwa ya bugi jirgin, ya karkata, laka ta fantso musu a fuska. Uwani ta runtse ido tana ambaton Allah da ƙarfi, amma wuyanta bai lanƙwasa ba. Wani kututture ya taho, Labo ya kauce, ya goga gefen jirgin ya wuce. Isansi na ɗiga ta murfin galan yana bin bayan kunnenta yana yi mata zafi. Ba ta saki hannu ta share ba.

Da jirgin ya daki ƙasar tudun, Hamani ya shigo ruwa ya riƙe shi. Labo ya ce yara da tsofaffi tukuna, kuma kada a kashe inji. Zalika ta miƙo yaran Hamani ɗaya bayan ɗaya, ta dubi yayar mijinta da galan a ka.

"Ke ba ki shiga?" Labo ya ce wa matarsa.

"Ku kai su ku dawo. Ina nan."

Haka suka yi ta kai da kawowa har la'asar ta yi sanyi. Wata mata ta ce za ta karɓi Uwani, ta ce a bari, ta riga ta gane yadda jirgin ke rawa. Awaki dai aka bar su a ƙololuwar tudun, Hamani ya tara musu ganye, ya shiga sawun ƙarshe tare da Zalika yana waiwaye.

Saura kaɗan su kai gaɓa galan ya ƙare, injin ya yi shiru. Amma sun riga sun fita daga ƙarfin ruwan. Samari suka faɗa ruwa har ƙirji suka kama jirgin suka jawo shi.

Sai da aka ɗauke galan daga kan Uwani, don hannunta ya ƙage. Ta kasa juya wuya, in za ta dubi mutum sai ta juya jikinta duka. Zalika ta kama ta suka taka zuwa gida, ta dafa ruwa ta gasa mata wuya da kafaɗu. Labo kuwa ya tsaya a bakin ruwa tare da Hamani da Isufu, suna shawarar wanda zai bi ta tudu da jaki da asuba ya nemo isansi a ƙauyen gaba, don a je a kwaso awakin.