Igiyoyin Cikin Hular Kwano

Mijinyawa ya dire buhun simintin a bakin ƙofar, ya tsaya kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Kayan Badaru ne a ciki: takalman aiki, riga mai ƙyalli, da hular kwano. Shi Badarun sun baro shi a maƙabarta bayan la'asar. Ɗakunansu na jere a gidan hayar nan na unguwar Coal Camp, kuma tare suke ɗaukar bulo a wani bene da ake ginawa.

Bulo ne ya suɓuce daga sama da safe, ya faɗo wa Badaru a ka. Hular ko tsagewa ba ta yi ba. Injiniyan ginin ya juya ta, ya leƙa ciki, ya ce, "Who comot the rope for inside?" Wato, wa ya cire igiyoyin ciki? Ashe igiyoyin nan da ke ɗage kwanon daga kan mutum su ne ke shanye duka. Da suna nan, in ji shi, da wataƙila ciwon kai kawai zai yi. Mijinyawa ya san dalilin cire su. Badaru ɗan gayu ne ko a cikin siminti, ba ya fita babu hular zanna, kwanon kuwa ba ya zama a kanta sai babu igiyoyin. Tun a hanya ya ƙudurta cewa matar ba za ta ji wannan daga bakinsa ba.

Bashira, matar Badaru, ta ɗaga labule, idanunta a bushe.

"Ya haƙuri, Maman Aslam?"

"Da godiya, Baban Imrana."

Ta durƙusa ta zaro hular, ta share ƙurar da bakin mayafinta.

"Yana sanye da ita?"

"Yana sanye da ita. Kowa shaida ne."

"To, alhamdulillahi." Ta ja numfashi. "Da can a gida yake barinta, wai ba ta shiga a kan hularsa. Kullum muna faɗa. Ni na sa almakashi na yanke masa igiyoyin nan na ciki, tun daga ranar bai ƙara fita babu ita ba. Ai na yi iyakacin ƙoƙarina, ko?"

Mijinyawa bai ji komai ba, ko bugun zuciya, sai ƙarar okada da ke wucewa a waje.

"Kin yi," ya ce.

"Injiniyan bai ce komai ba?"

"Ya ce a yi miki gaisuwa."

Ta gyaɗa kai, ta rungumi hular ta shige ciki.

Ya zauna a kan benci a tsakar gida. Sai yanzu ya lura da abin da aka ɗaure igiyar shanya da shi a jikin ƙusa: wani baƙin maɗauri mai faɗin yatsa biyu, irin na cikin hular kwano, an yanke bakinsa tsaf. Rigar Badaru ta Juma'a na kan igiyar, ta bushe tun azahar, ba wanda ya kwashe.