Igiyoyin Kaka Amsey

A shekarar da na gama jami'a, na koma gida daidai lokacin da itatuwan mapul suka fara zubar da ruwan zaƙin da muke tara a bokitai mu dafa ya zama zuma. Ƙanƙara tana narkewa da rana, ta sake daskarewa kafin gari ya waye, hanyar gonarmu duk ta zama taɓo. Tun daga bakin titi na hango hayaƙi yana tashi daga bukkar dahuwa. Na san Babana yana ciki yana dafa zumar mapul, na kuma san mahaifinsa, Kaka Amsey, yana zaune a gefensa yana koya masa yadda ake iza wuta.

Babana, Cleason, shekararsa hamsin da biyar a lokacin.

A wajenmu, idan ɗa ya yi aure ya karɓi gona, iyayensa sukan koma ɗan ƙaramin gidan da ake ginawa a jikin babban, su bar wa masu ƙarfi ɗakuna da ɗawainiya. Namu gidan ya zo a juye. Da Babana ya auri Mama, Kaka ya ce su ɗan zauna a ƙaramin tukuna, kafin ya kintsa. A nan aka haife ni, ni da yayyena biyu, muka tashi muna cin karo da juna a bakin ƙofa. Kakata Lovina ta rasu, yayyena suka yi aure suka watse, Kaka bai gama kintsawa ba. Shi kaɗai ne a gida mai ɗaki shida, kuma har lokacin shi yake faɗin filin da za a shuka masara da saniyar da za a sayar.

Ranar da na iso, ina taya Mama wanke kwalaben zuma, ta gaya mini ba tare da ta ɗago kai ba.

"Kawunki Orvie ya samo wa babanki gona a can arewa. Ya ba shi zuwa ƙarshen dahuwar bana ya ba da amsa."

"Zai tafi?"

"Ya ce ya gaji da neman izini kafin ya sayi ƙusa."

"Kaka ya sani?"

"Ya sani mana. Cewa ya yi ai tare suke mulki, me kuma ake nema." Ta kife kwalba da ɗan ƙarfi. "Tare. Ni dai ban taɓa ganin tare irin wannan ba."

Ni dama ba mai magana ba ce. A jami'a ma na yi shekara huɗu ina karanta tarihi, ba na jin na ɗaga hannu a aji fiye da sau uku. Amma na kwana da tunanin wannan dajin mapul babu Babana a cikinsa, da baƙin mutane suna rataya bokitai a itatuwan da na san kowannensu.

Kaka shi ke koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, a ɗakin ƙasa na majami'armu, tun kafin a haife ni. Kowace shekara idan bazara ta gabato sai ya koma kan sarakunan Isra'ila da na Yahuza, ko da kuwa wani darasi aka tsara. Yana da igiyoyin shanya guda biyu da yake ɗaurawa daga bango zuwa bango, ta sama Isra'ila, ta ƙasa Yahuza, da kwandon maƙalan shanya na katako. Maƙali ɗaya, shekara ɗaya. Kakata ce ta shafa musu fenti, kowane sarki da launinsa, da ragowar fentin rumbu da na shinge. Ina ƙarama ni nake riƙe masa kwandon, a biya ni da alewar na'ana'a daga aljihun kwat ɗinsa. Har yau in na ji warin kofi da ya daɗe a kan wuta da na rigunan ulu masu danshi, wannan ɗakin nake tunawa.

Lahadin nan yana ganina ya miƙo mini kwandon.

"Ga 'yar jami'a ta dawo. Zo mu ga ko sun bar miki ƙidaya a kanki."

Mutum goma sha wani abu ne a ajin, yawancinsu masu furfura. Babana yana can layin baya kusa da tukunyar kofi, hularsa a kan gwiwa. A gaba kuma Elam Weber ne, abokin Kaka tun suna yara, wanda bai taɓa barin darasi ya wuce lafiya ba.

"Yau ma wankin sarakuna za mu shanya?" in ji Elam. "Amsey, tun ina da haƙora kake shanya su, ba su bushe ba?"

"Kai dai zauna, wataƙila bana ka gane."

Muka fara jerawa. Yehu a Isra'ila da Ataliya a Yahuza sun hau mulki a shekara ɗaya, don haka igiyoyin biyu suka tashi daga wuri ɗaya. Kaka yana kiran suna da shekaru daga Littafin Sarakuna, ni ina maƙalawa. A igiyar Yahuza, Yowash arba'in, kore. Amaziya ashirin da tara, fari. Uzziya hamsin da biyu, ja irin na rumbu, sai da yatsuna suka gaji. Yotam goma sha shida, shuɗi. Haka har zuwa faɗuwar Samariya, inda ya kamata igiyoyin su sake haɗuwa. Ba su haɗu ba. Ta Yahuza ta zarce ta Isra'ila da maƙali ashirin da ɗoriya, har ta kusa taɓa akwatin wutar lantarki.

"To ga shi nan," in ji Elam, yana juyowa ga sauran. "Ko dai mutanen Yahuza shekararsu gajera ce, ko kuwa marubucin ya yi gyangyaɗi. Ni na fi zargin gyangyaɗi, don na san yadda wannan darasin yake sa mutum."

Matan da ke tsakiya suka yi dariya a cikin tafin hannu. Kaka ya bar su suka gama. Wannan ne wurin da ya fi so, fuskarsa har wani haske take yi.

"Babu wanda ya yi gyangyaɗi. Kai ne kake jera su kamar shanu a layi, wannan ya wuce sannan wannan ya shigo. Ba haka aka yi ba. Uba yakan ɗora ɗansa a kan mulki tun yana raye. Shekara ɗaya ce, amma marubuci ya ƙidaya wa uban, ya kuma ƙidaya wa ɗan. Miriam, kwaso mini na Yotam."

Na kwaso shuɗayen. Ya nuna mini ƙarshen jajayen Uzziya, na riƙa maƙala shuɗi a gindin ja, shuɗi a gindin ja, sannan na ja sauran suka matso. Igiyar Yahuza ta ragu. Ya ce haka za a yi wa Uzziya da nasa uban, a sake raguwa, har ratar ta kusa rufewa. Bai taɓa cewa ta rufe ɗungurungum ba. Yakan ce akwai 'yan maƙalan da sai ya je can zai tambaya.

"Kun gani?" ya ce. "Uba da ɗa tare. Hannun tsoho a sama, na yaro a ƙasa. Haka gida yake tsayawa."

Bai kalli layin baya ba, amma kowa ya san inda maganar ta nufa. Na ga Babana ya juya hularsa sau ɗaya a kan gwiwa.

Ina tsaye da shuɗin maƙali na ƙarshe a hannuna. Ban shirya yin magana ba. Tambaya ce kawai da ta taso mini, irin wadda nakan rubuta a gefen takarda a jami'a in bar ta a nan.

"Kaka, a waɗannan shekarun, wa yake zaune a fada?"

Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ya sa hannu a kunne na maimaita. Kaka mutum ne da ba ya iya barin tambayar Littafi ba amsa, ko da daga bakin wa ta fito.

"Yotam ne. Ai an faɗa sarai. Uzziya ya kamu da kuturta, ya koma wani gida dabam. Ɗan ne yake lura da fada, yana yi wa mutane shari'a."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Na gani a wuyansa, ja ya hau daga kwalar riga zuwa kunne. Ana jin yara a sama suna rera waƙa.

Elam ya gyara zama. "Sai mu jira kuturta ke nan."

"Elam," in ji matarsa daga baya.

"A'a, tambaya nake. Ni ban san ƙa'idar ba."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige. Ban yi nufin kunyata shi a gaban mutane ba. Na dubi igiyar don kada in dubi fuskarsa, sai bakina ya sake kuɓucewa.

"Amma ba a rage masa ko ɗaya ba. Jajayen suna nan, hamsin da biyu cif. Yana can gefe, ana ci gaba da ƙidaya masa."

Kaka ya daɗe yana kallon jajayen. Ya ɗaga hannu ya taɓa ɗaya, wanda fentinsa ya ɗan ɓare. Sannan ya ce lokaci ya ƙure, Elam ya rufe mana da addu'a, tunda bakinsa yana neman aiki.

Muka koma gida a mota. Aka zauna cin abincin rana. Kaka ya ci naman alade da dankalinsa, ya ƙi taɓa kek ɗin tuffa, ya tashi ya shige babban gida ya rufe ƙofar da ke tsakaninmu. Mama ta kalle ni, ban gane ko faɗa take shirin yi mini ko godiya ba. Kwana biyu Kaka bai zo bukkar dahuwa ba. Babana yana aikinsa shi kaɗai, ni ina kwaso masa itace. Ya ce mini, "Kin ga abin da karatu ya jawo mana," amma bai faɗa da zafi ba. Ya kuma ce ranar Asabar zai kira Kawu Orvie, don ruwan mapul ya fara raguwa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Kaka yana tahowa ta cikin taɓo, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin bukka, tururi yana lulluɓe shi. Bai zauna a kujerarsa ba.

"Cleason."

"Na'am, Baba."

"Gadon mahaifiyarka ba zai shiga ta ƙofar ƙaramin gidan nan ba. Na auna."

Babana ya ajiye ludayin da yake kwashe kumfa da shi. Ya goge hannu a wando, a hankali, kamar yana tsoron motsi mai ƙarfi zai kori maganar.

"Ana kwance shi, Baba. Ƙafafun suna fita."

"Kai ka sani?"

"Ni na ɗaura shi lokacin da aka yi wa ɗakin fenti."

"Shi ya sa yake ƙara." Kaka ya leƙa tukunya, ya buɗe baki zai ce wani abu game da wutar, ya fasa. Na ga irin wahalar da fasawar ta ba shi. "Gobe sai ka kai ni gari wurin lauya, a mayar da gonar sunanka. Kada ka sa rigar nan."

"Baba, filin da ke bayan rafi fa? Na so in bar shi ya huta bana."

"Kuskure ne."

"Na ji."

"Amma filinka ne. Ka yi kuskurenka." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, mai tambaya, ki zo ki kwashe min littattafai. Tunda kin iya tayar da tsoho daga gidansa, sai ki iya ɗaukar kaya."

Da yamma Babana ya kira Kawu Orvie. Daga inda nake ina jin sa yana ba shi haƙuri, yana ta maimaita cewa a'a, lafiya ƙalau, babu wanda ya mutu.

Mako guda muka yi muna ƙaura tsakanin gidaje biyu da bango ɗaya ya raba. Mama ta tsaya a tsakiyar babban ɗakin girki, bayan shekara talatin da aure, ta rasa inda za ta ajiye tukwanenta saboda yawan wuri. Elam ya zo wai taimako, ya zauna a kan akwati yana shan kofi yana tambaya ko a sanar da ikilisiya cewa an yi juyin mulki.

Kaka ya yi shekara huɗu a ƙaramin gidan kafin ya rasu. Ɗakina na dā ya zaɓa, ya ce ya fi ɗumi. Sai daga baya muka gane cewa tagarsa ce take kallon rumbu da filin bayan rafi gaba ɗaya. Kowace safiya in na kai masa kofi nakan same shi a nan, ya ja kujera har jikin gilashi, yana kallon Babana yana fito da tarakta.

"Dubi yadda yake juya ta," yakan ce. "Je ki gaya masa."

"In gaya masa me, Kaka?"

Sai ya kurɓi kofi.

"Bar shi kawai. Ki ce ya shigo ya sha wani abu in ya gama."