Tagar da ke Kallon Zuma

"Ba za a taɓa tagar nan ba, Injiniya."

"Oga Almu, abeg, duba da idonka tukuna."

Tabita ta juyo masa da kwamfutar a kan tulin bulo. Gidansa ne a ciki, gamamme, da fenti da rufi, ga kowane fayif da kowace wayar wuta a inda za su bi. A bangon kicin na gabas, wani jan layi ya sauko daga bene ya raba tagar biyu.

Almu bai duba ba. Yana tsaye gaban tagar ta gaske, gurbin da magina suka bari, ba gilashi ba ƙarfe. Ta cikinsa Dutsen Zuma ya cika ido.

"Me kika gaya mana a ofishinku? Kika ce da wannan abin naku, BIM ne ko mene ne, sai mun ga komai kafin a ɗora bulo ɗaya. Ba rushewa, ba da-na-sani. Ko ba ki ce ba?"

"Na ce."

"To?"

"Abin da aka sa masa shi yake gani. Ni kuma ban sa masa alƙibla ba. A gidanmu can Filato ba wanda ya taɓa tambaya ina banɗaki ya dosa. Laifina ne."

Ran Juma'ar da ta wuce ne Ghali, yayan Almu, ya zo ganin aiki. Ya hau bene, ya shiga inda za a yi banɗaki, ya ga alamar da aka zana a ƙasa. Ya ce, "Nan mutum zai zauna? Fuskarsa gabas?" Shi ke nan. Tabita ta juya mazaunin a kwamfuta, fayif ɗin ƙazanta ya bi shi. Dama ginshiƙi, hagu matakala. Hanya ɗaya ta rage masa, ta bangon kicin, ta tsakiyar tagar.

Ghali na zaune a kan bokitin da aka kife, yana jan carbi.

"Ƙanena, taga ce fa. A mai da ita kudu."

"Kudu katangar maƙwabcinmu Ambrose ce, Yaya."

"Iska dai za ta shigo."

"Ba don iska aka yi ta ba."

Ghali ya koma kan carbinsa. Ya sani.

Tun aurensu Almu da Sa'ida suke haya a Bagama, ciki da falo. Tagar da take wanke-wanke a gabanta kwatar maƙwabta take kallo. Ranar da suka je ofishin su Tabita, Sa'ida ce ta jawo kujera ta matsa kusa da allon. Ta shiga gidan ɗaki-ɗaki, kamar mai zagayen gidan amarya. Da ta iso kicin ta tsaya.

"Abban Ummu, nan nake so. In na ɗaga kai in ga dutse."

Tabita ta ɗora hoton wata mata a gaban wurin wanke-wanken don a gwada tsayin tagar. Sa'ida ta fashe da dariya.

"Wannan zanƙaleliyar ba ni ba ce. Rage ta, Anti. Ni ai Allah bai ɓata ƙasa a kaina ba."

Aka rage ta daidai tsayinta. Aka sauko da tagar. Aka sa mata shuɗin hijabi, don ita ma shi ta sa ranar.

Gini bai kai linta, saman tagogi, ba zazzaɓin damina ya ɗauke Sa'ida.

"A lanƙwasa fayif ɗin," in ji Almu.

"Zai toshe, Oga. Kowace shekara sai an fasa."

"A fasa ginshiƙin."

"Shi ke riƙe da benen."

"A bar banɗakin yadda yake."

Ghali ya ɗago kai. Bai yi faɗa ba. A hankali ya ce, "Kai ka san wadda za ta fara hana ka."

Almu ya dafa bakin tagar. Simintin da ɗumi. Bakin ya tsaya masa ƙasa da ƙirji, sai ya sunkuya kaɗan kafin ya ga ƙolin dutsen. Ita da ba sai ta sunkuya ba. Kiran la'asar ya taso daga wajen Madalla, ƙarar tireloli na taushe shi. Sa'ida mace ce da ko tabarmar 'yarsu Ummu ba ta shimfiɗawa ƙafa na kallon gabas. Da tana nan, da kanta za ta ce a toshe, ta kuma yi masa dariya.

"A mayar da ita kudu," ya ce.

Tabita ta duƙa kan kwamfutar. Ta ja tagar da yatsa zuwa bangon kudu. Jan layin ya ɓace. Komai ya daidaita, ba abin da ya ci karo da wani.

Sai a lokacin Almu ya dubi allon. Matar mai shuɗin hijabi tana nan inda aka bar ta, gajeriya, hannuwanta a kan wurin wanke-wanke, ta ɗaga kai. Gabanta bango ne, fari fat.

"Ita fa, Injiniya?" ya ce. "Haka za ta tsaya tana kallon bango?"