Lagwanin da Ya Tsere wa Almakashi

Ƙanwata tela ce, shekara arba'in tana kan keke. Duk layinmu Tela kawai ake ce mata, har jikokinta. Da idonta ya fara hazo likita ya raba ta da allura, sai ta koma kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai: ta shiga ɗakin ɗinki, ta fito, ta sake shiga.

'Yarta mai aikin jinya ta ce a kwashe ɗakin, uwar ta koma wurinta a hawa na uku ta huta. Tela ta ce ita ba tsohuwar akwati ba ce da za a ɗora a sama a manta. Ta samo sana'ar da ba ruwanta da kafar allura, kyandir za ta riƙa yi. Suka yi alkawari: in wata ya ƙare ba kyandir ko ɗaya da ya ci har gindi, za ta bi 'yar ba gardama.

To, kowace sana'a da irin wulaƙancinta. Zubin farko kakin ya yi zafi da yawa, da ya huce sai tsakiyar ta lotsa kamar kumatun tsohuwa. Da na faɗa mata haka, cewa ta yi in je in duba madubi. Ta koyi barin kakin ya sha iska kafin ta zuba a ƙananan kofunan gilashi, ta kuma rage kaɗan a gwangwani don cike ramin. Sai lagwani ya ƙi tsayuwa, ya riƙa jingina da gefen kofi kamar malalaci. Ta gicciya fensir a bakin kofin ta naɗe bakin lagwanin a jiki. Ta gano zaren roba narkewa yake yi, ta koma na auduga, ta kitsa shi uku-uku ta tsoma a kaki.

Ciwo ɗaya ne ya ƙi magani. Kyandir zai fito sumul, a kyasta ashana, wuta ta kama kamar ƙwayar shinkafa, ta yi ƙifi-ƙifi, kaki ya narke ya taru ya shanye ta. Ta zagi mai sayar da kaki, ta zagi ashana, ta rufe taga. Daga ƙarshe ta ce bakina ne.

Ana saura kwana biyu watan ya ƙare ta zuba guda shida, ta shiga wanka. Ni kuwa na leƙo, na ga almakashinta a kan keke, na ɗauka don in yanka tsohon labule in yi tsumma. Ban tambaya ba, don na san amsar: almakashin nan ko mijinta, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe shi ba. Na kai gida na manta.

Washegari da hantsi na tarar da 'yar ta zo da kwalaye, wai gara a fara tattara kaya. Tela tana ta birkita ɗaki tana neman almakashinta, gumi har wuya, tana cewa ba za ta nuna aikin da ba a gama ba. Ga kyandirori a jere, an zare fensir, kowanne da jelar zare a tsaye. Na tuna inda almakashin yake, na raɓe a bakin ƙofa.

"Umma, kunna shi haka nan, mu dai mu gani," in ji 'yar.

Tela ta kunna tana kawar da kai. Wutar ta tashi da ɗan hayaƙi, jelar ta ƙone ta faɗi, sai harshen ya zauna daram. Muka jira ya mutu kamar 'yan uwansa. Kaki ya narke har gefe, wuta na nan. 'Yar ta ajiye kwalin hannunta ta zauna a kai.

Nan wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce, "Tela, da almakashi na hannunki, a ina za ki yanke?"

Ta ɗauki wani kofin, ta dafa farce daidai fuskar kakin. "Nan mana, Yaya. Wa ke barin zare yana reto a bakin aiki?"

Ba ta rufe baki ba ta tsaya cak. Shekara arba'in tana faɗa da masu koyo a kan bakin zare, hannunta ya saba datse shi har tushe. Ta dubi kwandon da ta tara matattun kyandirorinta, ta ce a hankali, "Ashe ni ke yanke musu wuya."

Sai dariya ta kama ta, har da hawaye. Muka zauna muna gadin wutar kamar masu jinya, muna hira, har rana ta karkata lagwanin ya kwanta a gindin kofi. 'Yar ta ce alkawari kaya ne, ta sauke nata. Kwalayen ma ta bar su, ta ce a riƙa jera kyandir a ciki.

Yanzu Tela kan bar wa lagwani tsawon farcen ƙaramin yatsa, ko da yake ta ce hannunta ƙaiƙayi yake mata duk sanda ta kalle shi.

Da na ga hankalinta ya kwanta, na je na ɗauko almakashin na miƙa mata, ina jiran godiya. Ta buɗe shi, ta shafa kaifin da babban yatsa, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, me kika yanka da shi?"