Waken Umma

Akwati huɗu malamin ya zana a allo, ya zuba haruffa a ciki. Darasin gado ne a ajin nazarin halittu na jami'a, yadda ɗa ke ɗauko jininsa daga uwa da uba. Ya ƙwanƙwasa akwatin ƙarshe da alli.

"Sikila ba ta shigowa ta ƙofa ɗaya. Sai uwa ta kawo rabi, uba ya kawo rabi."

Kowa ya duƙufa yana rubutu, ban da 'Yar Baba, kamar yadda ake kiranta a gida. Biro ya tsaya mata cik. Ƙaninta Auta ta tuno, da idanunsa rawaya, da ihunsa in ciwon ƙashi ya tashi. Tun da aka binne shi Gwaggo, yayar Baba, ba ta gaji da faɗa ba: jinin Umma ne ya cinye yaron, su kam ba a san wannan cuta a danginsu ba. Umma kuwa ko uffan. Ashe duk shekarun nan ƙarya aka ɗora wa baiwar Allah!

Da aka yi hutu ta iso gida zuciyarta na tafasa. Ta tarar da Umma a ƙofar kicin tana tsintar wake. 'Yar Baba ta durƙusa, ta zaɓi ƙwayoyi farare da baƙaƙe a faranti, ta jera su a ƙasa bibbiyu.

"Umma, ga naki, ga na Baba. Baƙi da baƙi suka haɗu a jikin Auta. Ba ke kaɗai ba ce. Wallahi sai Gwaggo ta ji wannan, a gaban Baba kuma."

Umma ta dubi jerin, ta ci gaba da tsintarta.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Likita ya gaya mini tun ina goyon Auta. Ya ce in kawo babanku a auna shi. Ban kai shi ba."

"Don me, Umma? Ana ta cin mutuncinki kina kallo!"

"Mutumin da har yau bai iya shiga ɗakin yaron ba? Ni zagi ne, na iya ɗaukarsa. Shi in ya ji da jininsa a ciki, ba zai ƙara miƙewa ba."

"Ai ba laifin kowa ba ne. Haka aka koya mana."

"A allo ba laifin kowa ba ne," in ji Umma a hankali.

Sai ga sallamar Baba, ya dawo daga shagon ɗinki, abin awo rataye a wuyansa. Ya rame fiye da yadda ta bar shi, amma yana ganinta fuskarsa ta washe.

"A'a, manyan jami'a! Wasan yara aka koma? Me ake koya muku ne a can?"

Hannun Umma ya tsaya a cikin faranti. Ba ta ɗago ba. 'Yar Baba ta dube shi, ta dubi Umma, tausayinsu duka biyun ya kama ta. Ta haɗiye maganar da ta zo da ita.

"Wake, Baba. Yadda yake gadon launi."

Ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan. "Duk wahalar nan don wake? Ai da uwarki ta koya miki."

Ya wuce ciki. Umma ta kwashe ƙwayoyin daga ƙasa, ta hure musu ƙura, ta mayar da su cikin sauran. Ta tura farantin tsakaninsu.

"Sa hannu," ta ce. "Rana ta yi."