Afnan a Rukunin Anti Irene

Tun ranar da malamar ajin ta aiko cewa 'yan aji biyu za su je gidan zane-zane a cikin Washington, Sailuba ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta. Ta musanya ranar aiki da wata abokiyar aikinta a ɗakin magani na asibiti. Ta soya kaza da hannunta don kada yarinya ta ci abin da ba a san yankansa ba. Har shafin gidan na intanet ta shiga ta duba ɗakunan da ke da mutum-mutumi marasa sutura, don ta san inda za ta ɗauke hankalin yarinyar. Mijinta Nasir ya ce ko mai shirin aikin Hajji sai haka. Ba ta kula shi ba.

Afnan ce 'yarta ta fari, shekararta bakwai. Ita kuwa Sailuba a Zariya ta tashi, a gidan da ake kunyar ɗan fari. Mahaifiyarta har yau ba ta taɓa kama sunan yayansu Misbahu ba, sai dai ta ce "wancan". Sailuba ba ta kai nan ba, amma ba ta rungumar Afnan a gaban mutane, ba ta yabonta. Sonta yana cikin wanki da guga, da taɓa goshi in an yi tari sau ɗaya.

Da safe a harabar makarantar, a garinsu Upper Marlboro da ke kusa da Washington, malamar ta tara iyaye masu rakiya a gefen bas. Cikinsu har da Irene, maƙwabciyar Sailuba, nas ce 'yar Jos, uwar Abby ƙawar Afnan.

"Kowa zai riƙe rukunin da ɗansa yake ciki, ko?" in ji malamar.

Irene na tsaye a gefen Sailuba, mutuniyar gida, mai jin Hausa. Sai Sailuba ta ji nauyin ta nuna 'yarta da yatsa a gabanta. Kafin ta yi tunani baki ya riga ta.

"Ni ba ni wasu yaran kawai, duk ɗaya ne."

Malamar ta gyaɗa kai, ta mayar da Afnan rukunin Irene. Yarinyar ta ɗago ta dubi uwarta, sannan ta gyara jakarta ta tafi. Irene ta miƙa mata hannu, ta kama.

Hannun nan Sailuba ta yi ta kallo tun daga cikin bas har matakalar gidan zane-zanen. An ba ta yaran mutane, tana ƙirga su a kowace ƙofa, tana ɗaure wa wannan igiyar takalmi, tana hana wancan taɓa bango, amma idonta yana can gaba, inda Afnan take rataye da hannun Irene tana zuba surutu. A gida sai an yi da gaske take ba da labarin makaranta. Ashe akwai bakin.

Wata matashiya mai suna Tracy, malamar gidan da ke zagayawa da ɗalibai, ta zaunar da yaran a ƙasa gaban wani babban zane: wata mata tana taje wa yarinya kai a bakin taga. Ta ce kada kowa ya yi magana tukuna, a duba kawai. Sannan ta tambaye su me suka gani, kuma me ya sa suka ce haka.

Afnan ta ɗaga hannu. Cikin Turanci ta ce, "Yarinyar ba ta jin zafi."

"Me kika gani da ya nuna miki haka?"

"Bakin matar a buɗe yake, hira take yi mata. Kamar yadda Anti Irene take yi wa Abby."

Tracy ta yaba mata sosai. Irene ta shafa kan Afnan tana dariya.  Kitson da ke kan yarinyar nan kuwa Sailuba ce ta yi shi ranar Lahadi, a zaune har bayanta ya ƙage, da man da ta sa aka kawo mata takanas daga gida Zariya. Irene ko tsifar kan ba ta taɓa yi ba. Gaskiya ne dai, in Sailuba tana kitso ba ta magana, sai "sunkuya" da "daina motsi".

Daga nan aka kai su ɗakin gwaji, inda aka jera takardu da fensiran kala a kan tebura. Tracy ta ce kowane yaro ya zana fuskar babban da ke rukuninsa, kuma babban ya zauna ya dubi yaran ido cikin ido. Sailuba ta zauna. Daga teburin can tana jin Afnan tana cewa, "Anti, yi murmushi, ina so in sa wushiryarki."

Wani yaro a rukuninta, Clinton, ya gama ya miƙo mata nasa. Ya yi mata ɗankwali da kyau, amma idanun biyu duk sun karkace sun taru a gefe guda. Ta tambaye shi me ya faru da idon.

"Ai can kike ta kallo," in ji shi.

Lokacin cin abinci aka sauka wani ɗaki a ƙasa. Sailuba ta ciro kwanon kazar ta nufi teburin su Irene. Ta tarar da Afnan tana cin cincin daga ledar Abby, zanen kuma yana gaban Irene, an ɗora masa waya don kada ya faɗi. Ya yi kyau, har da 'yan kunne. A firij ɗin gidansu akwai zanen kyanwa, akwai na bas, akwai na Nasir da gemunsa. Babu nata.

"Maman Abby, ai na zo mata da abincinta," ta ce, muryarta ta fi yadda ta so kaifi.

Irene ta dube ta, ta miƙe, ta ja ta gefen injin ruwa.

"Maman Afnan, yau da wa ake faɗa? Tun safe kike hararata kamar na ci miki bashi."

"Ni ban harare ki ba."

"Har Clinton ya shaida, na ga zanen." Irene ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Ke fa kika ba ni ita. Kin san me ta tambaye ni a bas? Wai ko ta yi miki laifi ne jiya, shi ya sa kika zaɓi wasu yaran."

 Sailuba ta ce, "'Yar fari ce. Kin san mu. Kina tsaye, ta yaya zan ce a ba ni tawa?"

"Ni na sani, a Jos na girma. Ita fa? A nan aka haife ta. Kakarta ba ta nan, gwaggonninta ba sa nan. A can gida in uwa ta kau da kai, akwai hannu goma da za su ɗauka, yaro ya san ana son sa. A nan in kin kau da kai, sai Anti Irene."

Maganar ta yi wa Sailuba zafi. Ta koma teburin. Yara sun cika ɗakin, ga malamai, ga Irene a bayanta tana kallo. Ta ja kujera ta zauna daf da Afnan, ta buɗe kwanon ta tura mata.

"Ba ki yi mini laifin komai ba, kin ji? Saboda ke na bar aiki na zo."

Afnan ta amsa da Turanci, idonta a kan kaza. "To me ya sa ba ki ɗauke ni ba?"

"Zan gaya miki a gida, labari ne mai tsawo, har da kakarki a ciki." Ta dubi jakar yarinyar. "Akwai sauran takarda a jakarki?"

"Akwai."

"To zana ni."

Afnan ta goge hannu, ta ciro takarda da fensir, ta gyara zama irin na Tracy. "Sai kin kalle ni fa, Momi. Ba motsi."

Sailuba ta dube ta. Ba a jima ba idonta ya sauka kan tebur da kansa.

"Momi, kina kallon ƙasa."

Ta ɗago. Kunya tana cin ta har cikin kunnuwa, amma ta tsayar da idon. Malamar ajin ta zo wucewa tana cewa a fara tattara kaya za a koma sama. Ba tare da ta juya ba Sailuba ta ce mata, "Don Allah, in an koma, a mayar mini da 'yata rukunina."

Irene ta naɗe nata zanen za ta sa a jaka. Sailuba ta gan ta ta wutsiyar ido, ta ce da Hausa, "Wannan ma a gidanku za ki manna shi, kada in gan shi a nawa."

"Daina magana," in ji Afnan, "bakin nake zanawa."